Ruwan gadar Dindima da na Dadin Kowa: kogi ɗaya ne ko biyu?

Direban Tirela ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Gardama ce ta kawo ni, kuma gardamar da yaron motata na yi ta, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Da da wani direba ɗan'uwana muka yi, da tuni na manta.

Shekarata goma sha tara ina jan babbar mota, yawanci siminti nake ɗaukowa daga Ashaka, wata rana a tura ni Bauchi ko Jos, wata rana Biu, wata rana Yola. To duk wanda ya san waɗannan hanyoyin ya san akwai manyan gadoji da ba ka isa ka kauce musu ba. Idan ka baro Bauchi ka nufi Gombe, ba ka yi nisa ba za ka hau gadar Dindima. Idan ka wuce Gombe ka kama hanyar Biu, za ka hau ta Dadin Kowa. In Potiskum ka nufa ta Bajoga, kana wuce Nafada za ka tsallake ruwa. In kuwa Yola ce, sai ka hau babbar gadar Numan.

Makon jiya muna dawowa daga Jos babu lodi, muka tsaya kusa da gadar Dindima don taya ɗaya ta baya tana ɗumi. Yarona ya leƙa ƙasa ya ce, "Oga, ka san wannan ruwan shi ne dai wanda muke cin kifinsa a Dadin Kowa?" Na ce masa ya rufe mini baki. Ya ce wallahi haka aka koya musu a sakandare, duk Gongola ne. Na ce na ji ana kiran nan Gongola, can ma ana kira Gongola, amma ai suna linzami ne kawai, Tudun Wada nawa ke ƙasar nan?

Hujjata kuwa ga ta, kuma da idona na gan ta, ba a littafi ba. Idan ina kan gadar Dindima na fuskanci Gombe, wato gabas, ruwa daga hannun damana yake fitowa ya wuce hagu. Arewa ya nufa ke nan. Idan ina kan gadar Dadin Kowa, har yanzu dai gabas nake fuskanta, ruwa daga hagu yake fitowa ya wuce dama. Kudu ya nufa. Na ga wannan ba sau ɗari ba, musamman a watan Agusta da ruwa ke gudu har ka ga itatuwa da karan masara suna tafiya a kansa. Ta yaya kogi ɗaya zai tafi arewa a nan, ka yi tafiyar awa uku a mota ka same shi yana tafiya kudu? Ruwa ai ba direba ba ne da zai ce ya yi mantuwa ya juyo da kan mota.

Ni abin da na ɗauka duk shekarun nan shi ne, na Dindima yana wucewa ne can Yobe ya faɗa Tafkin Chadi kamar na Jama'are da na Haɗeja, shi kuma na Dadin Kowa daga duwatsun Biu yake saukowa. Yaron ya kafe, ni ma na kafe. Ƙarshe muka ƙulla: wanda ya faɗi zai sayi ragon ruwa gasasshe guda, babba, ranar da muka bi ta Dadin Kowa. Ba kuɗin kifin ne damuwata ba. Yaron da ni na koya masa ɗaure tamfol, yau shi zai ci ni a kan hanyar da nake bi tun bai yi wayo ba?

Don haka ina roƙon masu ilimin abin su warware mana. Daga ina wannan ruwa yake tasowa? Ɗaya ne ko biyu? In ɗaya ne, me ya juya shi? Sannan a Numan, me ya sa ba a ce masa Gongola sai Binuwai?

Malama Mai Ritaya ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam Direba. Ka fara tanadin kuɗin kifi, domin yaronka ya fi ka gaskiya. Amma kada ka ji kunya, don abin da idonka ya gani daidai ne, kuma zaton da ka yi na Tafkin Chadi ba shirme ba ne ko kaɗan. Zan zo kansa. Na shekara talatin ina koyar da labarin ƙasa, kuma da ɗalibaina suna lura da inda ruwa ya dosa a ƙarƙashin gada kamar yadda ka lura, da aikina ya yi sauƙi.

Gongola daga tsaunukan Jos yake tasowa, ta gefensu na gabas. Ba ido ɗaya ba ne da za ka je ka nuna ka ce ga mafarinsa. Rafuka ne da yawa suke gangarowa, manya a cikinsu su ne Lere da Maijuju, su haɗu a ƙasan tudu su zama kogi guda. Tudun na Jos tsayinsa daga matakin teku ya kai wajen mita 1,280, duwatsun Shere kuma da suka fi ko'ina tsawo a can sun haura mita 1,800. Ka ɗauke shi kamar jinkar ɗaki: ruwan sama ya sauka a bisa, kowane gefe ya zubar da nasa. Na yamma ya bi kogin Kaduna zuwa Neja. Na arewa, irin su Dilimi da ke ratsa garin Jos, ya bi ta Jama'are zuwa Yobe har Tafkin Chadi. Na gabas shi ne naka.

Daga nan sai ya kama arewa maso gabas. Shi ne ka gan shi a Dindima yana wucewa hagu. Ya bi ta ƙasar Kirfi, ya wuce Gombe Abba, ya isa Nafada. Duk wannan tafiyar, wanda ya kalli taswira zai rantse Chadi za shi. Sai ɗan gaba da Nafada ya yi kwana mai kaifi ya juyo kudu, ya wuce kusa da Ashaka inda kake lodi, ya shiga tafkin madatsar Dadin Kowa, ya fito ƙarƙashin gadarka ta biyu yana wucewa dama. Can ƙasa a wajejen Shani kogin Hawul ya zo ya same shi, kuma shi Hawul ɗin ne mai saukowa daga tudun Biu, don haka a nan ma ka taɓo gaskiya, sai dai ka sa ta a gaba da inda take. Ya wuce madatsar Kiri a ƙasar Shelleng, ya zube cikin Binuwai daura da garin Numan. Tsawonsa duka wajen kilomita 530.

Ka ga ke nan garin Gombe a cikin baka yake zaune. Kogin ya zagaye shi ta yamma, ta arewa, ta gabas. Kai kana yanke hanya ta tsirkiya, shi yana bin gangar bakan. Shi ya sa kake tsallake shi sau biyu a tafiya ɗaya.

Yanzu batun abin da ya juya shi. Masana ƙasa sun fi karkata ga cewa a zamanin da, tun kafin a san da mutane a wurin, ruwan da ke wucewa Dindima da Nafada Chadi yake tafiya kamar yadda ka zata. A kudu kuma akwai wani kogi dabam, gajere, mai zuba cikin Binuwai. Wannan na kudu shi ya ƙwace na arewa.

Yadda ƙwacen yake faruwa, ai kai da kake shiga Gombe ka san shi. Ka ga kwarurrukan da zaizaya ke haƙawa cikin gari? Ka lura ba gaba kawai suke ci ba, baya suke ci. Bana kan kwarin yana nan, baɗi ya matsa sama ya cinye katangar wani. Kogi ma haka yake, kansa yana ja da baya yana cin tudu, kuma gwargwadon tsananin gangararsa gwargwadon saurin cinsa. To ga inda lissafin yake: Tafkin Chadi yana wajen mita 280 a saman matakin teku, Binuwai kuwa a Numan bai kai mita 200 ba, kuma ya fi kusa. Ke nan hanyar kudu ta fi gangara. Kogin kudu ya yi ta cin baya shekaru dubbai bisa dubbai, har ya huda tudun da ya raba su, ya buɗe baki a gefen na arewa. Ruwa kuwa, in ya sami hanyoyi biyu, mai gangara yake bi. Wannan kwanar ta gabashin Nafada ita ce tabon da ƙwacen ya bari.

Kuma Binuwai bai daina ba. A can kudancin Chadi, in kogin Logone ya cika ya batse da damina, wani sashi na ruwansa yana malala ta fadamu ya faɗa kogin Mayo Kebbi, ya zo Binuwai ta Kamaru. Ruwan da hakkin Tafkin Chadi ne, sai ga shi ya bi ta Yola da Makurɗi da Lokoja ya tafi teku.

Abu na ƙarshe, tunda siminti kake ɗauka. Kwarin da Binuwai ke kwance a ciki tsagewar ƙasa ce da ta faru lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma ƙasar Gongola reshen wannan tsagewar ce. Teku ya taɓa shigowa ya kwanta a ciki. Farar ƙasar da ake fasawa a Ashaka ana yin siminti a ƙarƙashin wannan tekun ta taru, har yau ana samun kwanson halittun ruwa da suka zama dutse a cikinta. Man Kolmani da aka ƙaddamar da aikin haƙo shi a 2022, a iyakar Bauchi da Gombe, shi ma daga wannan tarihin yake.

Bawan Allah ya rubuta:

Hajiya, da girmamawa, ni dai wannan maganar ta kogi ya ƙwace kogi ba ta kwanta mini ba. Wa ya gani? Allah ne Ya halicci kogi Ya ce ya bi nan, ya bi. Ba sai an nemo masa ɓarawo ba.

Malama Mai Ritaya ta amsa:

Ɗana, ban ce ba Allah ba ne. Shi Ya yi ruwan, Shi Ya yi gangarar, Shi Ya sa wa ruwa ɗabi'ar neman ƙasa. In kwari ya cinye gonarka za ka ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ka faɗa, amma ai za ka iya nuna mini ta inda ruwan ya biyo, har ka jera buhunan yashi a wurin. Batun wa ya gani kuwa, babu wanda ya gani, shi ya sa na ce masana sun fi karkata. Mafarauci ma bai ga wucewar ɓauna ba, sawu yake karantawa. Kogin da ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ya doshi wuri ɗaya, sannan ya karya kwana irin wannan ba tare da wani babban dutse ya tare shi ba, sawu ne.

Jikan Mai Fito ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni ɗan Nafada ne, na karanta wa kakana abin da kuka rubuta, shi ne ya ce in rubuta nasa. Ya haura tamanin, a ƙuruciyarsa fito yake yi da kwale-kwale kafin gada ta kashe sana'ar.

Ya ce a gaya wa direba ya biya kifi kawai, don su tun suna yara sun san ruwansu na Jos ne. Ga yadda suka sani. Wani lokaci a farkon damina za a kwana huɗu, biyar, ba a ga ko ɗigo ba a Nafada, gero har ya fara lanƙwasa kai, sai a wayi gari kogi ya kawo, ja wur, da kumfa da itace. Mutum ya bar jakinsa a kan yashi da yamma, da safe wurin ya zama ruwa iya wuya. Suna ce masa baƙon ruwa. Fatake masu zuwa daga ƙasar Bauchi su ke ba da labarin cewa can sama an yi kwanaki ana tafkawa. Malama za ta fi mu sanin adadi, amma a makaranta an ce mana Jos na samun wajen milimita 1,400 na ruwan sama a shekara, kuma damina ta fi saurin sauka a can, mu kuwa namu bai fi rabin haka da yawa ba. To ka ga kogin namu ne, ruwan na wasu.

Da rani kuma, in ji shi, abin tausayi yake komawa. Faɗin yashi sai ka ce filin idi, ruwa ɗan siriri a gefe guda, wani wurin ma sai an tona. Shanu su tsallake ba su jiƙa gwiwa ba. Baƙon da ya zo a watan Maris ba zai yarda cewa wurin nan yana cin mutum a Agusta ba.

Ya ce kuma in tuna muku kogin nan ne ya yi Nafada. Iyayensa sun ba shi labari cewa da ruwa ya cika jiragen kayan Turawa sukan hawo daga Binuwai har Nafada, a sauke kaya a ɗora wa dabbobi zuwa Borno. Wata biyu ko uku ne kawai a shekara, ruwa na janyewa hanya ta rufe. Wannan ya dace da abin da ke rubuce, cewa a 1913 aka ɗauke fadar Sarkin Gombe daga Gombe Abba, garin Buba Yero wanda shi ma a bakin wannan kogin yake, aka kawo ta Nafada, sannan a 1919 aka mayar da ita Doma, wato Gomben yanzu.

Da na karanta masa wurin kwanar da kogi ya yi, sai ya yi shiru, can ya ce ai a cikin wannan kwanar Bormi take, inda Turawa suka yaƙi Sarkin Musulmi Attahiru a 1903 ya yi shahada, kusa da inda direba yake lodi. Waɗanda suka tsira suka tsallake ruwa suka yi gabas, ɗansa Mai Wurno ya kai su har Sudan, suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin kogin Nilu. Ya ce direba in ya sami sarari wata rana yana jiran layi, ya ƙarasa ya yi musu addu'a, ba nisa.

Manomin Hinna ya rubuta:

Malam Direba, in za ka sayi kifin nan ka zo da sassafe lokacin da masunta ke fitowa, kada ka bari sai ya shiga hannu na uku a bakin titi. Kuma ragon ruwa yanzu sai an yi sa'a, tarwaɗa da ƙarfasa sun fi samuwa.

Ni gyara ɗaya zan yi wa hujjarka. Ruwan da kake gani ƙarƙashin gadar Dadin Kowa ba shi ne halin kogin na asali ba, ruwan da aka saki ne daga dam. An gama dam ɗin a shekarun 1980, a inda kogi ya matse tsakanin duwatsu kusa da Dutsen Bima. Tun daga lokacin kogi biyu ne a wurinmu ta wata fuskar: na sama mai cika da ƙafewa yadda kakan ɗan'uwanmu na Nafada ya faɗa, da na ƙasa wanda ba ya yankewa ko a tsakiyar bazara. Da shi muke noman rani, shinkafa da masara da albasa da kankana, shi garin Gombe ke sha, kuma bayan an shafe sama da shekara talatin ana jira, yanzu ana samun lantarki megawat 40 daga gare shi.

Amma ruwan da ba ya ƙafewa ba mu kaɗai yake yi wa daɗi ba. Dorina. Bara na shuka shinkafa a wata 'yar gona kusa da gaɓa, ta yi kyau har maƙwabta na tsayawa kallo. Saura mako biyu yanka, na ce yau dai bari in kwana a gida, ƙafata na ciwo. Dare ɗaya. Da safe na tarar da kusan rabi an kwashe, sauran an tattake, ga sawu kamar an kifa kwano. Buhu goma sha biyu na sa rai, biyar na ɗauka. Muna kwana a gona da wuta da gwangwani muna kaɗawa, kuma ba dabbar da za ka tunkara ba ce, ta kashe mutane a yankin nan.

Wani abin da dattawanmu ke cewa, kafin dam, ambaliya na barin sabuwar laka a fadama kowace shekara, ba a san taki ba. Yanzu lakar tana kwanciya a gindin tafki, mu kuma muna sayen taki.

Ɗan Numan ya rubuta:

Saura tambayarka ta ƙarshe, kuma tawa ce, don a nan aka haife ni. Mahaifina Bakano ne mai sayar da yadi, mahaifiyata 'yar gari.

Oga, gadar Numan ba a kan Gongola take ba. In ka taho daga Gombe ta Kaltungo da Cham, Gongola yana can hagunka duk tafiyar, ba ka taɓa shi. Ka wuce gonakin rake na kamfanin sukari na Savannah, waɗanda ruwansu daga madatsar Kiri yake zuwa, don dominsu aka gina ta aka gama a 1982. Sannan ka hau gada. Abin da ke ƙarƙashinka Binuwai ne wanda ya riga ya haɗiye Gongola ɗan sama kaɗan. In ka rage gudu ka dubi hagu, wajen gabas, can magamar take. Ka zo farkon damina ka shiga kwale-kwale, wani lokaci za ka ga ruwan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kowa da launinsa kafin su gauraye.

Suna kuwa, babba ke riƙe nasa. Binuwai tun daga tudun Adamawa na Kamaru ya taso, ya wuce Garwa, ya karɓi kogin Faro, ya wuce Yola, kafin ya iso mu ya riga ya ƙoshi. Tsawonsa wajen kilomita 1,400. Baturen nan Barth, da ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya iso bakinsa a 1851, shi ya rubuta cewa sunan a harshen Bata yana nufin uwar ruwaye. Bata kuwa 'yan'uwan Bachama ne, mutanen da Numan ke hannunsu. To rafi ai ba ya shiga wurin uwa ya ce a kira ta da sunansa. Shi ma Binuwai ɗin in ya kai Lokoja haka ake yi masa, ya zama Neja.

Abin dariya, daga 1976 zuwa 1991 jiharmu sunanta Gongola, amma babban birninta Yola a bakin Binuwai yake, mutanen Yola da yawa har aka raba jihar zuwa Adamawa da Taraba ba su taɓa sa ƙafa a ruwan Gongola ba. Mafi yawan kogin ma a lokacin cikin tsohuwar jihar Bauchi yake.

Zama a magama yana da daɗi, kifi da fadama, amma a Satumba ba ma barci sosai. In Binuwai ya cika maƙil, Gongola ya zo bai sami ƙofar shiga ba, sai ya tsaya, ya kumbura, ya koma baya ya bazu cikin gonaki. Haka aka gani a 2012 da 2022, shekarun da ruwan sama ya yi yawa kuma aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Mutane suna kallon gabas suna jiran ruwan Kamaru, ba su ankara ba na Jos da na Biu ya taru musu ta arewa.

Direban Tirela ya dawo:

To jama'a, na gode, Allah Ya saka da alheri. Hajiya Malama, Allah Ya ƙara lafiya, maganar baka da tsirkiya ita ta gama da ni. Ina karantawa na ajiye waya na zana a ƙasa da tsinke, na sa dutse a matsayin Gombe, sai ga Dindima a yamma, Nafada a sama, Dadin Kowa a gabas. Abin da ya fi ba ni haushi, gadar Nafada ai ina hawa, kuma a can in na fuskanci Potiskum ruwa daga hagu yake zuwa dama, wato gabas ya nufa. Arewa, gabas, kudu. Amsar tana ƙarƙashin tayata shekara goma sha tara, ban taɓa haɗa ukun wuri ɗaya ba.

Ban nuna wa yaron duka ba. Na nuna masa wurin da Malama ta ce da can Chadi ruwan yake zuwa, na ce ka gani, ni tsohon labari nake ba ka, kai sabo ka sani. Ya ce, "Oga, ai ba a kan shekara dubu muka ƙulla ba, a kan makon jiya muka ƙulla." Yaran yanzu.

Jikan Mai Fito, ka gaishe mini da Baba, ka ce na ji saƙo. Sau da yawa muna kwana biyu a layi ba abin da muke yi sai shayi da karta, in sha Allahu zan nemi ɗan acaɓa ya kai ni Bormi.

Ɗan'uwa na Hinna, Allah Ya mayar da alheri. Ranar Talata muna da lodin Biu, zan yi ƙoƙari mu taso da asuba mu iso muku kafin rana ta yi. In ba a sami ragon ruwa ba tarwaɗa zai ci, don ba mu ce dole sai an samu ba. Ya riga ya gaya wa yaran motoci uku a tasha, duk sun ce za su biyo mu, na ce kifi ɗaya na yi alkawari.